Gwanjon Da Ya Fi Sabo Tsada

A wajenmu idan aka ce kaya gwanjo ne, an gama magana: wani ya sa ya gaji, aka ɗauro mana a dila, muka saya da araha. Shi ya sa daren da na fara kallon gwanjon motoci na Amurka a waya, sai da na mayar da bidiyon baya don in tabbatar ban yi kuskuren ƙirga sifili ba.

A watan Janairun 2020 ne, a garin Kissimmee na jihar Florida, wajen gwanjon da kamfanin Mecum ke shiryawa duk shekara. Aka shigo da wata koriyar Ford Mustang ƙirar 1968. Fentinta ya koɗe, ga tsatsa nan da can, kujeru duk sun ji jiki. Da a bakin garejin unguwarmu na gan ta, ko waiwaye ba zan yi ba. Aka yi ta tayi har mai gwanjo ya buga guduma a kan dala miliyan 3.4. Da aka ɗora la'adar kashi goma cikin ɗari, mai saye ya biya dala miliyan 3.74. A kuɗinmu biliyoyin naira ke nan. Dalilin wannan tsada kuwa shi ne, ita ce motar da jarumi Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968, inda aka yi tseren nan na kusan minti goma a kan titunan San Francisco masu hawa da gangara.

Abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, wannan ai hauka ne. Bayan kwana biyu na lura maganar ba ta bar raina ba, kuma hukuncin da na yanke da sauri bai gamsar da ni ba. Da na zauna na yi nazari, sai na ga tambayoyi uku na cakuɗa wuri ɗaya, kuma Hausa ta ba kowace kalmarta. Cinikin ya halatta? Motar ta cancanci kuɗin? Ya dace mutum ya kashe irin wannan dukiya a kanta? Amsoshin ba ɗaya ba ne.

Kafin nan, bari mai karatu ya san irin motocin da ake magana. Amurkawa na kiransu da wani suna da ke nufin motoci masu ƙwanji. Yawanci ana ƙirga farkonsu daga 1964, lokacin da injiniyoyin Pontiac, cikinsu har da John DeLorean, suka ɗauki ƙaton inji mai silinda takwas suka cusa shi a jikin matsakaiciyar mota, suka sa mata suna GTO. Dabarar ba ta da wuya: jiki mara nauyi, inji na babbar mota, farashi kuma daidai aljihun saurayin da ke aiki a masana'anta. Fetur na da araha, samarin da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun fara karɓar albashi. Nan da nan Ford da Chevrolet da Dodge da Plymouth suka shiga gasar. Kasuwar ba ta kai shekara goma ba ta mutu. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi a kan samari masu irin waɗannan motoci, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi da ƙarfin inji, sannan takunkumin man fetur da ƙasashen Larabawa suka sa a watan Oktoban 1973 ya ƙarasa binne ta. Motocin da ake alfahari da su jiya suka koma kayan da ake neman kai da su.

Tambayar farko ita ce mafi sauƙi. Gwanjo ciniki ne a bainar jama'a, kowa na jin tayin kowa, ba wanda aka ɗaure wa hannu. Malaman fiƙihu ma sun halatta sayar da kaya ga wanda ya fi tayi. Abin da suka hana shi ne najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ingiza wani ya faɗa. Haka kuma tsohuwar mota ba hatsi ba ce, ba magani ba ce. Wanda ya ɓoye masara don ta yi tsada ya taɓa cikin talaka, amma ko Mustang ta kai dala miliyan goma ba yaron da zai kwana da yunwa saboda haka. In dai ba a yi najashi ba, ba a kuma yi ƙarya a kan asalin motar ba, ban ga inda cinikin ya ɓaci ba. Sai dai sharaɗin ƙarshen nan yana da nauyi, domin inda lamba ɗaya ke iya ninka farashi sau goma, ba a rasa masu sake buga lamba a jikin inji ko ƙirƙiro takardun boge.

Wannan ya kawo mu tambaya ta biyu, wadda ta fi ba ni wahala. Idan a matsayin mota za a auna ta, ba ta cancanta ba, ko kusa. A watan Yunin 2014, a Seattle, an sayar da Plymouth Hemi 'Cuda ƙirar 1971 mai rufin da ake naɗewa a kan dala miliyan 3.5. Injinta lita bakwai ne, ƙarfin doki 425 a rubuce. A lokacin da take sabuwa kuɗinta 'yan dubban daloli ne. A ƙirar 2015, Dodge ya fitar da Challenger Hellcat mai ƙarfin doki 707 a kan kusan dala 60,000. Ta fi tsohuwar gudu, ta fi ta birki, ta fi ta riƙe hanya a kwana, ga na'urar sanyi, ga jakar iska mai kare direba idan an yi karo. Da kuɗin tsohuwa ɗaya mutum zai sayi sababbi fiye da hamsin. Saboda haka duk mai cewa inganci ake biya bai faɗi gaskiya ba.

Sai a ce to ƙaranci ne. Gaskiya ne irin waccan 'Cuda ta 1971 da aka ƙera ba su wuce dozin guda ba. Amma me ya sa suka yi kaɗan? Saboda a lokacin kusan ba mai so. Injin kaɗai yana ƙara wani babban kaso a kan kuɗin motar, inshora ta yi tsada, kuma mai son tsere ba ya son rufin da ake naɗewa domin yana ƙara nauyi. Haka Plymouth Superbird ta 1970, mai dogon hanci da ƙaton fiffike a baya, wadda aka ƙera don cika sharaɗin shiga tseren NASCAR: da yawa sun daɗe a wajen dillalai ba mai tayawa. Abin da kasuwar jiya ta ƙi shi kasuwar yau ke rububi. Ƙarfen bai sauya ba, idon masu kallo ne ya sauya.

Akwai abin da ya fi wannan ɗaure kai. A Amurka ana iya samun 'Cuda ta talakawa mai ƙaramin inji, a sa mata injin Hemi, a yi mata fenti da kujeru da tambari iri ɗaya da na asali, har gwani ma sai ya duƙa da tocila kafin ya bambance. Sautinta ɗaya, gudunta ɗaya. Amma kuɗinta ɗan ƙaramin kaso ne na kuɗin ta asali. Bambancin yana cikin lambobi: lambar da aka buga a jikin inji da akwatin giya ta dace da lambar motar, ƙaramin farantin ƙarfe da ke cikin bonet ya faɗi abin da masana'anta ta sa mata, sai kuma wata takardar umarnin haɗawa da ma'aikata kan cusa a ƙarƙashin kujera, wadda idan aka same ta bayan shekara hamsin ake lallaɓa ta kamar ƙwai.

Ni sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a duniyarmu kalmar asali ba ta da ma'ana. Idan na kwafi fayil daga kwamfutata zuwa taka, babu ta farko babu ta biyu, domin ko ɗigo ɗaya ba su bambanta ba, kuma kwafi na miliyan ɗaya bai ci ko kwabo ba. Wanda ya tashi a cikin wannan tunani dole ya ga wauta ce a biya miliyoyi don lamba. An ma gwada shigo da tsadar asali cikin duniyarmu. A watan Maris na 2021 wani ya sayi shaidar mallakar saƙon farko da Jack Dorsey ya wallafa a Twitter a kan dala miliyan 2.9. Bayan shekara guda ya kai ta gwanjo, aka rufe makon farko tayi mafi girma bai kai dala 300 ba. Saƙon yana nan kowa na iya karantawa kyauta, shaidar ba ta riƙe komai ba.

To motar fa, me lambarta ta riƙe? Tsoffin Girkawa suna da wata tambaya a kan jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka adana, duk katakon da ya ruɓe su cire su sa sabo, har babu na farko ko ɗaya. Shin jirgin nan shi ne dai na da? Yawancin motocin da ke tashe a gwanjo sun bi wannan hanya: an sake fenti, an sake kujeru, an yanke ruɓaɓɓen ƙarfe an yi walda da sabo. Abin da ya saura shi ne silsila, daga hannun wane zuwa hannun wane, tun daga ranar da ta fito daga masana'anta. Labari ake saye, ƙarfen shaida ne kawai. Shi ya sa tsatsar Mustang ta McQueen ba ta rage mata kuɗi ba, ƙara mata ta yi, domin tana nuna ba a taɓa shaidar ba.

A nan ne na daina yi wa masu saye dariya, saboda wani abu da ya faru a gidanmu. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yana da farar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna a da. A cikinta aka kai ni makaranta ranar farko, a cikinta muke zuwa ƙauye da sallah, mu shida a baya kamar kifin gwangwani. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a ƙofar gida, tayoyi suka sace, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Ina jami'a aka kira ni aka ce Kawu ya sayar wa 'yan gwangwan, sun auna ta a kilo sun yanka. Ban ga laifinsa ba, a lokacin ana neman kuɗin makarantar ƙannena. Shekaru bayan haka, da na fara samu, na ga wata 504 fara tas a wajen wani bakanike, ta fi ta Baba lafiya nesa ba kusa ba. Na shiga na zauna, na kama sitiyari, na jira in ji wani abu. Ban ji komai ba. Na fito na yi masa godiya na tafi. Da a ce ta Baba ce, da ƙonewar da garwashin turare ya yi wa kujerar gaba, na san zan biya abin da hankali ba zai ɗauka ba, kuma ba wanda zai iya gamsar da ni cewa an cuce ni.

Yawancin masu ɗaga hannu a gwanjon Kissimmee, ko na Barrett-Jackson da ake yi a Scottsdale ta jihar Arizona, irin wannan ciwon ke damunsu. Samarin 1968 ne da suka riƙa leƙen motar ta gilashin shago ba su da kuɗinta, ko suka mallake ta suka sayar da aure ya zo. Yanzu sun tsufa, sun tara dukiya, suna neman wani yanki na ƙuruciyarsu. Wannan buƙata ta gaskiya ce, ba na raina ta.

Amma fahimtar dalilin mai saye daban, yarda cewa farashin ya auna darajar motar daban. Duk wanda ya karanta yadda gwanjo ke aiki, kamar yadda William Vickrey ya fayyace a 1961, ya san ba wanda ya yi nasara ne ke yanka farashi ba. Tayi na tsayawa ne a daidai inda mutum na biyu ya janye hannu. Ke nan dala miliyan 3.4 ba ra'ayin duniya ba ne a kan Mustang. Iyakar aljihu da zuciyar mutum ɗaya ne da ya sha kaye a wannan rana. Mutum biyu masu kuɗi da son abu ɗaya sun isa su kafa tarihi. Da ɗayansu mura ta kwantar da shi a gida, da wani labarin ake yi. Ga wanda ya saya don riba kuma akwai wani tarko da injiniyoyin man fetur suka bayyana a 1971, bayan sun lura kamfanonin da ke cin gwanjon rijiyoyin mai su ne ke yawan asara: wanda ya fi kowa tayi sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa kuskuren ƙiyasi. Farashin waɗannan motoci ya yi tashin gwauron zabi kafin rikicin tattalin arziki na 2008, sannan ya faɗo. Wata Shelby GT350R ta 1965 da Ken Miles ya yi tsere da ita an sayar da ita dala miliyan 3.85 a 2020, aka sake kai ta gwanjo a 2022 ta tashi a miliyan 3.75. Kuma samarin 1968 ba za su dawwama ba. Jikokinsu da wasu motocin suka yi mafarki.

Saura tambaya ta uku, wadda ba lissafi ke amsa ta ba. A 1972 masanin falsafa Peter Singer ya kawo misalin mutumin da ya ga yaro na nutsewa a kududdufi. Idan ya shiga zai ɓata tufafinsa, amma ba mai hankalin da zai ce tufafi sun fi ran yaro. Singer ya ce nisa ba ya sauya hukunci: idan kuɗin da za ka kashe a kan abin marmari zai iya ceton rai a wata ƙasa, kai ma kana bakin kududdufin. Mu da muka san asibitin da babu maganin cizon sauro da ƙauyen da mata ke tafiyar awa guda neman ruwa, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayanin abin da dala miliyan uku za ta yi.

Masu kare gwanjo sukan ce ai kuɗin ba ƙonewa suka yi ba, hannu suka sauya. Haka ne. Kuɗin Mustang sun tashi daga asusun wani attajiri da ba a bayyana sunansa ba, suka koma hannun iyalin da suka sayi motar a 1974 ta hanyar tallar mujalla a kan 'yan dubban daloli. Amma wannan bai wanke mai saye ba, domin ana tambayarsa ne a kan abin da shi ya zaɓa ya yi da abin hannunsa. Sai dai kuma ni ma hujjar Singer ba ta ƙyale ni ba. Wayar da na kalli gwanjon da ita ta fi ƙarfin buƙatata, kuma rarar kuɗinta za ta sayi gidan sauro masu yawa. Tsakanina da attajirin nan bambancin yawa ne. Ba na cewa yawa ba komai ba ne, amma ya isa ya hana ni ɗaga murya kamar wanda hannunsa ke da tsabta.

Akwai kuma abin da tsada ke yi wa motar kanta, ta fuska biyu. Ta fuska ɗaya, tsada ce ke ceton ta. Motar Baba ta tafi gwangwan ne saboda ba ta da farashin da ya wuce nauyin ƙarfenta. A Amurka kuwa, saboda an san abin da tsohuwar Charger ko Chevelle za ta iya kawowa, ana zaƙulo su daga rumbunan gona, ana ƙera musu sababbin kayan gyara, masu walda da masu ɗinkin kujera da masu fenti na cin abinci, sana'ar hannu da ta kusa ɓacewa na samun magada. Ta ɗaya fuskar, tsadar da ta cece ta ita ke ɗaure ta. Motar dala miliyan uku ba ta hawa titi, domin kowane mil da ya ƙaru a agogonta asara ce, kowane tsakuwa da ta daki fenti masifa ce. A rufaffiyar tirela ake ɗaukarta, a ajiye ta a ɗaki mai sanyi. An ƙera ta don ɗan ma'aikaci ya taka ta da daren Asabar har unguwa ta ji, ga shi ta ƙare a inda ɗan ma'aikaci ba ya ko iya leƙawa.

Ga inda na tsaya. Cinikin ya halatta muddin ba algus. Farashin bai auna motar ba, kuma kuskure ne a ɗauke shi shaidar daraja. Dacewa kuwa ba a ranar gwanjo ake sanin ta ba, sai an ga abin da mai saye ya yi bayan guduma ta sauka. Idan hujjarsa ita ce motar tarihi ce, to tarihi ba na mutum ɗaya ba ne, kuma wanda ya saye shi amana ya ɗauka: ya kula da ita, ya tayar da injinta, ya fito da ita mutane su gani su ji ƙararta, ya kuma kasance haƙƙin mabuƙata da ke cikin dukiyarsa ya fita kafin ya ɗaga hannu. Wanda ya yi haka zan iya cewa ya sayi abu mai tsada don dalili. Wanda ya kulle ta a duhu yana jiran ta ninka, caca yake yi da tarihin mutane, kuma ba shi da hurumin fakewa da sunan ƙauna.

Iyalin da suka riƙe Mustang ɗin nan shekara 45 sun fi burge ni a kan wanda ya biya miliyoyin. A 1977 McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa yana neman su sayar masa, suka ce albarka. Uwar gidan ta riƙa zuwa aikin koyarwa da ita har ta samu matsala aka ajiye ta a gareji. Bayan rasuwar maigidan, ɗansa ya tayar da ita ba tare da ya goge mata tsufanta ba, ya kai ta baje kolin motoci na Detroit a 2018, dubban mutane suka gan ta da idonsu. Duk tsawon shekarun da suka ƙi sayarwa ba wanda ya buga mata farashi, kuma a lokacin ne aka fi amfana da ita a matsayin mota.

Ni kuwa abin da ya rage mini daga 504 ɗin Baba shi ne makullinta, da wata 'yar fata da ya ɗaura masa. Inna ce ta tsince shi a cikin kwalla bayan an riga an yanka motar, ta ajiye mini. Yana cikin aljihun jakar da nake saka kwamfuta, ba ya buɗe komai. An taɓa tambayata ko na me ne, na ce na mota ne, aka ce wace mota, na rasa ta inda zan fara.